Haƙorin Baba da Shafin Farko na Google

Jama'a, na ga saƙonninku, duka na karanta. Masu cewa "Khaulat ki bar wa Allah", na gode, Allah ya saka da alheri. Ke kuma da kika rubuto cewa ba ni da imani, na gan ki 'yar'uwa, kuma ko a jikina. Yau zan ba ku labarin ranar da Dakta Abdulhakeem ya dawo ya durƙusa a falon Babanmu. Amma bari in ɗauko daga tushe saboda waɗanda suka shigo yanzu, kada wani ya yanke min hukunci da rabin labari.

Ni 'yar Malam Yunusa ce, tsohon hedimasta, a Matsango nan cikin Azare. Kwamfuta na karanta. Aikina in gina wa mutum shafin intanet, in yi ta gyara shi har ya zama in wani ya ɗauki waya ya nemi irin sana'arsa a Google, sunansa ne zai fara fitowa. Innata har gobe "latse-latse" take kiran aikin.

Abdulhakeem likitan haƙori ne. Lokacin da ya fara zuwa zance gidanmu, asibitinsa ɗaki biyu ne a wani lungu bayan tasha, wanda sai ka yi wa mai keke kwatance sau uku kafin ya gane. Ya yini yana korar ƙuda, in ya ga mutum biyu ya yi sa'a. Rannan ya langaɓe kai ya ce min, "Khaulatina, ina da hannu, amma ba wanda ya san inda hannun yake." Ni kuwa sokuwa, sai na ji kamar don in nuna wa duniya hannun nan aka halicce ni.

Wata goma sha huɗu na yi a kan aikin nan. Na sa asibitin a taswirar Google. Na ɗauki hotunan kujerar da ƙofar da ma bishiyar dalbejiyar da ke bakin lungun, don mutum ya gane ya iso. Na rage wa shafin nauyi yadda zai buɗe ko da a ƙauye ne sabis yana wahala. Sannan na zauna na rubuta amsar duk tambayar da mutanenmu ke yi wa waya in ciwo ya ishe su: ko ana cire wa mai ciki haƙori, me ke sa dasashi jini, yaro ya faɗi haƙori ya gutsure yaya za a yi. Shafi arba'in da biyu, da Hausar da kowa zai gane. Lambata na sa, domin mutumin Hardawa ko Gololo ba zai cike maka wani fom ba, kira zai yi ya ji muryar mutum. Ina tuƙa tuwo ina amsa waya, ina wanki ina amsa waya. Kafin shekara ta zagayo, benci biyu aka ƙaro a ƙofar asibitin.

Duk tsawon lokacin nan Babanmu yana fama da haƙori. Na can ciki ne ya yi kogo. Da ɓari ɗaya yake tauna, kullum aljihunsa da kanumfari, nama kuwa ya daina taɓawa sai romo. Na ce, "Baba, ga likita har gida, me ya sa za ka zauna da ciwo?"

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ke Khaulatu, kina da hankali kuwa? In kwanta in wangale baki gaban yaron da ke neman 'yata, ya zura min hannu yana leƙen abin da na ci? A ina kika taɓa jin an yi wa suruki haka?"

"To ka je wurin wani."

"In je wurin wani, gari ya ɗauka cewa ban yarda da hannun surukina ba? Bar ni da kanumfarina."

Haka ya zauna da ciwo saboda mutuncin Abdulhakeem. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An kawo kayan sa rana, saura wata uku biki. Wata Talata da hantsi, ina tsaka da yi wa wani dattijo daga Zadawa kwatancen lungun, saƙo ya shigo:

"Salam Khaulat. Don Allah ki fahimce ni. Gida sun matsa, kuma na yi istihara. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Sai da na gama yi wa dattijon kwatance tsaf, sannan na kira Abdulhakeem. Ashe wani Alhaji ne mai dogon bene a bakin titi ya ba shi hawa na biyu ya mayar da asibitin, ya haɗa masa da 'yarsa Surayya. Wallahi da a nan ya tsaya, da na yi kukana na share hawaye. Amma sai ya ƙara da cewa, "Maganar shafin nan kuma kada ki wahalar da kanki. Yanzu bakin titi zan koma, mai ido zai gani. Dama latse-latsen taimako ne kawai, aikin hannuna ne ya kawo mutane."

Latse-latse. Kalmar da Inna ke faɗa da wasa, shi da gaske ya faɗe ta.

Kwana uku bayan nan Gwaggonsa Husaina ta zo karɓar kaya, kamar yadda aka saba in magana ta lalace. Ta sha leshi ruwan hoda, awarwaro har gwiwar hannu, turarenta ya riga ta shigowa. Ta zauna bakin kujera kamar gidanmu zai ɓata mata zane.

"Har da wayar da ya saya mata," in ji ta. "Kuma a kwashe duk wani abu nata a ciki. Ba ma so a bar mana komai nata."

Inna ta fara kuka. Baba kuwa daga bakin ƙofa ya ce, "Khaulatu, ko allura ce ki mayar musu. Kowa ya riƙe nasa."

Na ɗago. "Baba, kowa ya riƙe nasa ka ce?"

"Haka na ce."

To, ni yarinya ce mai biyayya. Na shiga ɗaki na buɗe kwamfuta. Na cire lambata daga shafin na sa tasa. Na kwashe shafuka arba'in da biyun nan da na rubuta da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina yi hawaye na ɗiga a kan madannai. Sunan shafin da wurinsa a taswira nasa ne, ban taɓa ba. Na rubuta kalmar sirrin a takarda, na ƙara da cewa in ya tashi daga lungun ya shiga ya canza adireshi, na liƙe a ambulan na sa a ƙarƙashin atamfofin cikin akwati. Na zare layina na miƙa wa Gwaggo Husaina wayar. Har tana duba bayanta ko ta tsage.

Inna ta tura ni Katagum wurin kakata, wai in sha iska. Sati biyu ban sha komai ba sai kuka. Ina kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa wata maƙwabciya, Ya Gana, ta shigo neman kanwa, kumatunta ya kumbura ta ɗaure shi da ɗankwali.

Kakata ta ce, "Ke kam ki je Azare a cire miki mana."

"Wurin wa? Ɗan gidan Alhaji Babayo?" Abdulhakeem take nufi. "Ai yayansa ke auren 'yar ƙanwata. In je in hangame masa baki, gobe mu haɗu a gidan suna? Kuma Malam ma ba zai so namiji ya sa min hannu a baki ba. Da dai mace ce, baƙuwa, wadda ba ta haɗa komai da kowa ba, da tun jiya na hau mota."

Na tashi zaune. Baba ne ya faɗo min a rai, da kanumfarinsa. Mutum nawa ne a ƙasar Katagum ke zaune da ciwo saboda kunya? Abdulhakeem ɗan babban gida ne, rabin garin nan ko surukansu ne ko 'yan'uwan surukansu. Ni da kaina na sha jin mata a waya suna tambaya, "Likitan namiji ne?" in na ce eh sai su ce za su sake kira. Soyayya ta hana ni lura.

Akwai wata Dakta Kezia Reuben, 'yar Bogoro, mai ɗan asibitin haƙori a hanyar fita gari, allonta duk rana ta cinye shi. Abdulhakeem ya sha yi mata dariya, wai ita da kujerarta suke hira. Washegari na shiga motar Azare, ko gida ban biya ba.

Na same ta ita kaɗai tana goge kayan aiki, doguwa, da ɗan gilashi, gashinta cikin hular asibiti.

"Na san ki," ta ce. "Ke ce yarinyar Dakta Abdul."

"Da can."

Na zayyana mata abin da ya kawo ni. Ta girgiza kai. "Ƙanwata, ni ba na son faɗa. Kuma ni baƙuwa ce a garin nan. Ba dangi, ba kowa. Shi ya sa ba a zuwa."

"Dakta, shi ya sa za a zo. Kuma ba ke za ki yi faɗan ba, ke dai ki wasa kayan aikinki."

Ta kafa min sharaɗi: ba ƙarya, ba ambaton sunansa ko sau ɗaya. Na yarda, amma Allah ya sani da ƙyar. Da na nuna mata abin da zan rubuta a saman shafin sai da ta yi dariya har ta cire gilashi: "Likitar haƙori mace a Azare. Ba surukar kowa ba ce."

Na sayi wata tsohuwar waya na sa layina. Shafukan nan arba'in da biyu na sake musu kwalliya na zuba su a gidan Dakta Kezia, na ƙara sababbi: ko miji zai iya shiga da matarsa, ko za a bar mace da hijabinta, wace mota za ka hau daga Katagum kuma a ina za ka sauka. Duk wadda aka yi wa aiki ta ji daɗi, sai na roƙe ta ta rubuta sharhi, wadda ba ta iya ba 'yarta ta rubuta mata. Ya Gana ce ta farko.

Kada ku ɗauka abu ne na kwana biyu. Watan farko muna shafi na huɗu, inda ba mai leƙawa. Kullum da safe kafin in karya sai na duba, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Shafi na biyu. Ƙasan shafin farko. Na uku, Abdulhakeem yana samanmu. Na biyu, muna shaƙar ƙeyarsa. Ranar da na ga sunanta a sama nasa a ƙasa, wata na biyar ke nan, na yi guɗa a tsakar gida har kaji suka watse. Inna ta ɗauka miji na samu.

Shi kuwa gogan ya koma benensa mai gilashi, bai canza adireshi ba. Taswira tana nan tana kai mutane tsohon lungu, inda wani tela, Malam Jalo, ya kama haya. Mutum ya taso tun daga Gololo da kumburarren kumatu, ya tarar da keken ɗinki. In ya kira lambar, Dakta yana aiki ba ya ɗauka. Nan kam, na amsa laifina: da ƙafata na je na kai wa Malam Jalo katunan Dakta Kezia cike da leda.

"Kai, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Jiya wani har kujerar awo ya hau ya buɗe min baki."

Sharhi ya fara sauka a ƙarƙashin sunan Abdulhakeem. "Na zo daga Zadawa na tarar da tela." Tauraro ɗaya. Wallahi tallahi ban rubuta ko guda ba, amma kowanne sai da na karanta shi sau biyar ina ɓare gyaɗa.

Wata na bakwai labari ya zo cewa an ɗaga bikinsa da Surayya, aka sake ɗagawa, sannan aka daina maganar. Ba a yi sati ba wayata ta yi ƙara.

"Khaulatina."

Muryar Abdulhakeem ce.

"Na yi kuskure. Tun da kika tafi komai ya tsaya min."

Komai. Bai ce zuciyata ba, komai ya ce. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, sai da gabana ya faɗi da na ji sunan nan a bakinsa. Na tsani kaina a kan haka, amma ya faɗi.

Sai ga Gwaggo Husaina ta dawo da akwatin nan dai, wannan karon har da durƙusawa ta gaida Inna. Daga ranar Inna ta tasa ni gaba. Ina shara tana bina, ina wanke-wanke tana kaina.

"Likita ne fa, Khaulat. Shekararki ashirin da bakwai. Namiji ya yi kuskure ya dawo da kansa, me kuma kike nema? Ki rabu da matar nan ki gyara wa mijinki nasa."

"Inna, ba mijina ba ne."

"Zai zama, in Malam ya ce."

Abin da nake tsoro ke nan. Ban taɓa yi wa Baba musu ba tun da aka haife ni. In ya ce in yi haƙuri, na san zan yi, in koma ina amsa waya ina tuƙa tuwo, in sauke Dakta Kezia da hannun da na ɗora ta. Baba kuwa bai ce uffan ba. Haƙorin ma ya tasa shi gaba, har kumatun ya ɗan tasa.

Ranar Asabar bayan la'asar Abdulhakeem ya zo. Farar shadda, hula zanna, agogo yana walƙiya, amma ya rame. Ya zube gaban Baba a falo. Ni na sa atamfata kore da babban mayafi na zauna kusa da ƙofa, Inna tana bayan labule, akwatin yana jingine da bango inda Gwaggo ta ajiye shi. Ya yi ta ba da haƙuri, shaiɗan ne, matsin gida ne, bai taɓa daina sona ba. Muryar nan dai.

Baba ya juyo. "Khaulatu, kin ji. Me kika ce?"

"Baba, tambaya ɗaya gare ni." Na dubi Abdulhakeem. "Ambulan ɗin da na sa maka, ka buɗe?"

"Wane ambulan?"

Na tashi na kwantar da akwatin na zuge. Na ɗaga atamfofin. Ga shi nan a liƙe yadda na sa shi wata bakwai da suka wuce. Na ce, "Kalmar sirrin shafinka ce. Da ka buɗe, da ba a kai wa tela marasa lafiyarka ba."

Jama'a, da kun ga idonsa! Kafin in rufe baki ya miƙo hannu ya fizge ambulan ɗin, ya manta a gaban wa yake.

"Wannan ne zai mayar da ni sama? Alhamdulillahi! To Khaulat, tun kafin biki sai ki fara, ko? Na matar nan kuma ki sauke shi, ai ba ma sai an faɗa miki ba."

Ni dai wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina, faɗuwar gaban nan ta tafi gaba ɗaya. Baba ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da ambulan ɗin. Can ya tofar da kanumfarin bakinsa a 'yar tasa, ya gyara zama.

"Dakta, matso kusa. Duba min haƙorin nan."

Ya jingina kai da kujera ya buɗe baki, buɗewa sosai.

Daga bayan labule na ji Inna ta ce, "Innalillahi." Ita ta riga kowa ganewa. Shi kuwa har da murna ya kunna fitilar waya ya leƙa.

"Kai, Baba, ai wannan ya daɗe! Cire shi za a yi. Gobe ka zo, da kaina zan yi maka."

Baba ya rufe baki ya goge leɓe. "Ya daɗe kam. Kusan shekara biyu ina ɓoye maka shi, saboda mutum ba ya buɗe wa surukinsa baki. Yau ka ga na buɗe."

Fitilar tana kunne a hannunsa, ya kasa kashe ta.

Baba ya ciro wayarsa daga aljihu, ya danna inda na koya masa, ya kai ta bakinsa kamar mai kiran ɗalibi: "Likitan haƙori a Azare." Ya miƙa wa Abdulhakeem. "Ban fito da tabarau ba. Karanta min na farko."

"Baba..."

"Karanta."

Ya dubi wayar. "Dakta Kezia Reuben. Likitar haƙori mace a Azare."

"Ci gaba, ai na ga akwai saura."

Da ƙyar muryar ta fito. "Ba surukar kowa ba ce."

"Madalla, irin wadda nake nema ke nan. Khaulatu, sa min layi Litinin da safe. Kai kuma ɗauki ambulan ɗinka, naka ne. Haɗa da akwatin. Kowa ya riƙe nasa."

Shi da kansa ya kinkimi akwatin har mota, ba wanda ya taya shi. Na tsaya a zaure ina kallo, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Litinin ƙarfe tara Baba yana kan kujerar Dakta Kezia. Minti ashirin aka gama. Ya fito da auduga a baki, ya yi min alama da hannu in ba shi waya, ya sa tabarau ya danna taurari biyar da yatsansa. Ranar Laraba ya ci tsire, Inna tana kallonsa tana ƙoƙarin ɓoye murmushi, don har yanzu wai fushi take da mu.

Ina ɗauraye kwanon tsiren ne saƙo ya shigo.

"Na buɗe ambulan ɗin. Na shiga, amma ban gane komai ba. Don Allah daga ina zan fara?"

Na goge hannuna a zane, na zauna a kan turmi, na rubuta masa:

"Ai latse-latse ne kawai. Ka tambayi Google."